Wai me ya sa ba a ganin ƙoƙarin ɗan baya? Maganar Shehu Abdullahi

Ɗan Ƙofar Mata: Salam 'yan uwa. Wallahi jiya raina ya ɓaci a gidan kallo, ana hutun rabin lokaci muna hirar 'yan ƙwallon Arewa sai wani yaro da bai wuce sha takwas ba ya buɗe baki ya ce wai banda Ahmed Musa ba mu taɓa fitar da ɗan bal ba. Na ce masa Shehu Abdullahi fa? Ya ce wai waye haka. Jama'a! Mutumin da ya taso daga Sakkwato, ya buga wa Kano Pillars lokacin da muke ɗaukar lig a jere, koci Keshi ya tafi da shi CHAN 2014, gasar Afirka ta 'yan wasan da ke buga lig ɗin gida, a Afirka ta Kudu muka zo na uku, daga nan Qadsia ta Kuwait, União da Madeira a Fotugal, Anorthosis, Bursaspor, Omonia, Levski Sofia, ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta Rio 2016, ya buga Kofin Duniya na 2018, sannan ya dawo gida ya sake saka rigar Pillars. Mu dai ba ma daraja ɗan baya, sai wanda ya zura ƙwallo ake sani, wanda ya yi minti casa'in yana hana a ci mu ko sunansa ba a riƙewa. Difenda irin wannan da ya yi shekaru a Turai a ce yaro a Kano bai san shi ba.

Mai Duba Wasa: Malam gyara kaɗan. Shehu ba difenda ba ne, ɗan tsakiya ne, lamba huɗu. Rohr ne, lokacin yana kocin Super Eagles, ya tura shi lamba biyu, wato gefen dama na baya.

Ɗan Ƙofar Mata: Haba ɗan uwa, duk abin da na rubuta wannan kalmar kaɗai ka gani?

Mai Duba Wasa: To ai a kanta ka gina maganar gaba ɗaya. In ba ɗan baya ba ne maganarka ta rushe.

Sai Masu Gida: Kai ne za ka gyara. A Rio waye koci? Siasia ne, kuma a gefen dama na baya ya riƙa saka shi, lokacin Rohr ko wasa ɗaya bai ja ragamar Super Eagles ba. Mutum yana buga wuri biyu sai ya zama laifi?

Mai Duba Wasa: Ban ce laifi ba ne, na ce asalinsa tsakiya. Duk wanda ya san bal in ya ga yadda yake karɓar ƙwallo ya juya ya san ba a baya aka rene shi ba.

Basakkwace: Ku dai yi ta gardama, amma wanga yaro namu na, ɗan Sakkwato na. Kullum in anka yi maganarshi sai ku ce Pillars Pillars kamar a Kano anka haife shi.

Sai Masu Gida: Baba ba wanda ya ƙwace muku shi, amma a ina duniya ta san shi? Lig na 2012, 2013, 2014 duk a Kano suka kwana. Ku kawo naku mu gani.

Basakkwace: Mi ya kawo zancen kofi? Haihuwa nike magana.

Ɗan Landan: Ni abin da ya tsaya min shi ne "Turai". Wace Turai? Kuwait Turai ce? Bursa ma a ɓangaren Asiya take a Turkiyya, Cyprus kuma tsibiri ne can kusa da Siriya da Labanon. In an ce ɗan wasa ya buga a Turai ana nufin Ingila, Sifaniya, Italiya, Jamus, Faransa. Sauran duk neman abinci ne kuma ba laifi ba ne, amma a kira abu da sunansa.

'Yar Pillars: Yaya ka ji tsoron Allah. Cyprus tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, kulob ɗinsu a gasar UEFA suke bugawa, haka na Turkiyya. Fotugal da Bulgeriya kuma fa, su ma a Asiya suke? Omonia ta ɗauki lig a 2021 yana cikinsu.

Ɗan Landan: Ƙanwata lig ɗin Cyprus wa yake kallo? Faɗa min gidan kallo ɗaya da aka taɓa saka shi. Madeira ɗin ma da kike taƙama da shi ya fi kusa da Maroko a kan Lisbon.

CR7 Har Abada: A kiyayi Madeira don Allah. Nan aka haifi Ronaldo, a Funchal. Tsibirin da ya fitar da gwanin gwanaye ba a raina shi.

Ɗan Barca: Gwanin wa? Wanda ya ɗaga kofi a Qatar 2022 shi ne gwani, a daina ruɗin yara.

CR7 Har Abada: Kofin da aka yi ta ba ku fenariti? Champions League biyar fa, ku je ku ƙirga naku.

Ɗan Barca: Ballon d'Or takwas. Na gama magana.

Ɗan Ƙofar Mata: Ikon Allah. Jama'a maganar Shehu muke, me ya kawo Messi da Ronaldo nan?

Tsohon Lamba Biyar: Ni dai na fahimci mai maganar farko don na buga baya shekara da shekaru a ƙananan kulob, filin ƙasa ba ciyawa, in ka yi takil sai fatar cinyarka ta saɓule, dare ya yi wando ya manne da ciwon sai an jiƙa da ruwan ɗumi kafin a cire. Ranar da muka ci ɗaya da nema sitiraika ake ɗagawa sama ana liƙa masa kuɗi, mu da muka sha kai da gwiwa tun daga farko mu tafi gida a ƙafa. Ranar da aka ci mu kuwa sunanka ne a bakin kowa. Kuma in ejan ya zo kallo mai cin ƙwallo yake nema, shi ya sa in ɗan baya ya samu hanyar fita ko ina ce ba ya tsayawa zaɓe, ga iyali ga albashin gida da sai an yi wata da watanni ana jira. Yanzu haka gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune nake sallah wani lokacin.

Ɗan Landan: Allah ya ƙara sauƙi Baba. Amma a koma kan Kofin Duniya da ake ta faɗa, wasa nawa ya buga? Croatia suka ci mu biyu ba ko ɗaya, daga nan sai benci.

Sai Masu Gida: Ƙwallo biyun ta wajensa suka shiga? Ta farko Etebo ne ya ci gida daga kwana, ta biyu Ekong ya rungume Mandzukic aka ba da fenariti Modric ya buga. Rohr ya canja tsari ne ya koma 'yan baya uku a wasan Iceland, ya saka Omeruo, Moses ya dawo gefe.

Ɗan Landan: Kuma da aka cire shi muka ci biyu. Lissafi a fili.

Sai Masu Gida: Ahmed Musa ne ya ci biyun, shi ma ɗan Pillars. Kai dai ka ce ba ka son Pillars mu huta.

Mai Duba Wasa: Kun ga abin da nake faɗa, da ɗan baya ne na asali ai da shi za a saka cikin ukun nan.

'Yar Pillars: Ka dawo kenan.

Basakkwace: Musa ma a Jos anka haife shi, shi ma kun ce naku na. Komi naku na ku Kanawa.

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta daga muhawarar nan shi ne kusan kowa ya yarda Shehu Abdullahi gwarzo ne kuma Kano Pillars ce ta yi shi, kamar yadda ta yi Ahmed Musa da Rabi'u Ali. Masu cewa Cyprus ba Turai ba ce an ba su amsa ba su da ta cewa. Maganar difenda ne ko ɗan tsakiya ba ta da wani amfani tunda duk inda aka saka shi ya buga. 'Yan Messi da Ronaldo ku buɗe naku zauren. Sai masu gida.

Basakkwace: Wa ya yarda? Ni ban yarda ba admin, kai ma ɗan Pillars na shi ya sa. A rubuta ɗan Sakkwato kafin a rufe.