Ɓawon ƙwan kajina ya yi laushi, furobayotik zai gyara?

Uwar Leyas:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina da leyas, wato kaji masu ƙwai, guda 300 sun kai sati 54, kusan sati uku kenan kullum in na je kwasa sai na tarar da ƙwai 15 ko 20 a fashe, wasu ɓawon kamar takarda kana dannawa da yatsa ya lotsa, wasu ma fata ce kawai ba ɓawon sam. Ga kashinsu ya yi ruwa-ruwa yana ɓata ƙwan, in ka tona da tsinke har ɓarɓashin hatsi kake gani bai narke ba. Mai sayar min da abinci ya ce in zuba furobayotik a ruwa shi ke nan, na saya, na haɗa da ragowar antibayotik da nake da shi, yau kwana 5 shiru. Maganin ne na bogi ko ni ce ban iya ba?

Mai Keji Biyu:
Wslm Hajiya. Kash, ai nan kika yi tufka da warwara. Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai irin su Lactobacillus da Bacillus subtilis, aikinsu su zauna a hanji su hana miyagun wuri, shi kuma antibayotik ba ruwansa da nagari da mugu, wanda ya iya kashewa kashewa yake. In ruwan ma akwai kulorin, sinadarin tsaftace ruwa, da yawa nan ma asara ce. Ki tsayar da antibayotik ɗin tunda ba likita ya rubuta ba, kuma ki duba jikin kwalin, wasu an hana ba kaji masu ƙwai kwata-kwata saboda yana fita a cikin ƙwan. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana sa antibayotik a abinci don ƙara girma, shi ya sa kike ganin furobayotik da asid-asid ɗin da ake sa wa kaji a abinci ko ruwa sun cika kasuwa.

Tsohon Makiyayi:
Hajiya abin da kika gani a kashin nan shi ya fi ɗaukar min hankali. Kaza kan sa kalsiyam kusan giram 2 a ɓawon ƙwai guda, kuma don ta samu hakan sai ta ci wajen giram 4 a yini saboda ba duka hanji ke tsotsewa ba, to in hanjin ya kumbura abinci na wucewa da gudu ko kin cika mazubi da kalsiyam a ƙasa zai ƙare. Na biyu, mutane ba sa lura da lokaci. Ƙwai na ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kusan awa 20 daga ciki gina ɓawo ake, kuma yawancin aikin da dare ne lokacin da kazar ba ta cin komai. In laimiston ɗinki, dutsen kalsiyam ɗin da ake sawa a abincinsu, gari ne lukwi, kafin tsakar dare ya wuce, sai ta koma zaro kalsiyam daga ƙashinta, shi ne za ki ga wata ta gurfana ta kasa tashi. Ki nemi mai tsakuwa-tsakuwa, kamar milimita 2 zuwa 4, ko ɓawon kawa, ki ba su da yamma, yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali har asuba. Ni da na koma haka, ƙwan da nake jefawa a bokitin fasassu ya ragu sosai cikin sati biyu, ban ƙara wani magani ba. Ki duba firimis ɗinki ma, haɗin bitamin ɗin da ake zubawa a abinci, ko ya daɗe a ajiye, in ba bitamin D3 kalsiyam ba ya shiga jini yadda ya kamata.

Ɗan Gona:
Baba maganarka dutse, amma fa ba komai ne abinci ba. Kaji sati 54 ƙwansu ya ƙara girma amma ɓawon da kazar take iya yi bai ƙaru haka ba, dole ya yi siriri. Sannan in ɗakin da zafi suna haki baki buɗe, iskar da suke fitarwa na rage sinadarin da ake gina ɓawon da shi, shi ya sa wasu ke sa musu bekin soda kaɗan, ga shi a zafi ba sa cin abinci giram 110 zuwa 120 ɗin da ya kamata kowace ta ci a yini, sai shan ruwa, kashi ya yi ta tsinkewa. Hajiya ki fasa ƙwai ɗaya a faranti, in farin ya baje kamar ruwa kuma ɓawon ya yamutse, ki kira likitan dabbobi yau, don mashaƙon kaji da cutar Niyukasul suna yin haka, furobayotik ba abin da zai musu. Ki shinshina buhun abincin kuma, in ya yi funfuna ko ya dunƙule, gubar nan aflatoksin da funfuna ke haifarwa ita ma tana lalata hanta da hanji.

Mai Keji Biyu:
A ƙara da tsutsar ciki in a ƙasa suke, yaushe rabon da ki ba su maganinta Hajiya?

Uwar Leyas:
Wlh na ji kunya, tun suna sati 18 rabona da shi, kuma a ƙasa suke kan dusar katako. Na fasa ƙwai uku yanzu, farin a tsaye yake Alhamdulillah, amma buhu biyu na ƙasa da suka jingina da bango sun dunƙule suna wari, kuma su nake ta ɗiba. Na ware su, na zubar da ruwan maganin na wanke mazubai, gobe zan kai wa likita kashin ya duba. Baba laimiston mai tsakuwar nan a cikin abinci zan gauraya ko a mazubi daban? Ngd sosai, Allah ya saka.