Abin da masu ƙananan jif suka ce a fadarmu

Hirar ta fi karkata kan Toyota RAV4, dalili kuwa kayanta na samuwa a Damagaram, in ma babu Kano ba nisa, kuma kusan kowane makaniki ya san cikinta. Mai Nissan Qashqai ya yaba rashin shan esansi amma ya ce giyarta ta otomatik ba ta son zafinmu.

Inda aka daɗe shi ne wajen saye. Kar ka biya ko dala sai makanikinka ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa, don motocin Turai da ke saukowa Kotonu ko Lome gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin sanyi ya ci wasunsu, a kunna klim da tsakar rana a gani in injin zai yi zafi, sannan lambar shasi ta dace da takardar duwan da kart giris. Wannan na ƙarshe ni ma na fi jin tsoronsa wallahi.

Wani dattijo ya ja kunne, ya ce da yawan ƙananan jif ɗin nan tayoyin gaba kaɗai ke ja, tsayi ne kawai, kar ka ɗauka Hilux ce ka afka rairayin bayan Tanut. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe matatar iska, ƙura na toshe ta da wuri.