Duba marasa lafiyar da ƙurar nukiliya ta sauka a kansu: abin da muka gani

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin tantance binciken da ake yi a kan ɗan'adam, kuma an kawo mana takardar neman izinin ɗibar jinin tsofaffin da ƙurar gwajin bam ta taɓa shafa, amma babu inda aka ce za a gaya musu sakamako ko a yi musu magani idan an gano cuta. Na ƙi sa hannu. Ina roƙon waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan mutane su faɗi abin da suka gani.

Wata likita:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai. Na koyi aiki a Gomel ta ƙasar Belarus, yankin da ƙurar fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl ta sauka a 1986, inda na riƙa ganin mata masu tabon tiyata a gindin wuya. Suna yara suka sha madarar shanun da suka ci ciyawa mai ɗauke da aidin-131, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda ke taruwa a tayrod (wata gaɓa a gindin wuya), daga baya sankara ta fito. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk kwana 8, saboda haka da an hana shan madarar a makonnin farko, da yawa sun tsira. Wata daga cikinsu ba ta yarda in taɓa wuyanta ba sai da na yi alkawarin karanta mata sakamakon da bakina, domin a cewarta an sha auna ta ana tafiya da takarda.

Wani ɗalibin likitanci:
A Semey ta Kazakistan nake karatu, kusa da filin da Tarayyar Sobiyet ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 456 tsakanin 1949 da 1989. A wancan zamani an buɗe cibiyar bin diddigin lafiyar mutanen yankin, aka laƙaba mata sunan asibitin cutar bakkale (cutar dabbobi da mutane ke ɗauka) don a ɓoye ainihin aikinta. Har yau idan na fito da fom, tsofaffi sukan fara tambayar wanda zai karanta shi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Likita, maganarki ta tuna mini da wata dattijuwa 'yar tsibiran Marshall da na yi jinya a jihar Arkansas ta Amurka, inda mutanensu suke da yawa. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya mai suna Bravo a Bikini, cikin tsibiran Marshall, farar toka ta zubo a tsibirin Rongelap har yara suka yi wasa da ita, kuma sai bayan kwana biyu aka fara kwashe mutane, fata ta ƙone, gashi yana zuba. An sa su cikin binciken da ake kira Project 4.1 ba tare da an nemi yardarsu ba, aka mayar da su tsibirin a 1957, suka sake barinsa a 1985.

Dattijuwar ba ta jin Turanci sosai, ni kuma (na amsa laifina) na miƙa mata takardar amincewa ina sauri. Ta ture ta. Sai da jikarta ta zo ta fassara layi bayan layi, na bayyana mata cewa jinin na duba ƙodarta ne kawai, kuma babu inda za a aika shi, sannan ta miƙo hannu. Abin ya ɗauke mu kusan awa ɗaya.