Sakin reshe kama ganye: shagon ne reshe ko albashin?

Malam Sule, Gezawa:
Assalamu alaikum. Karin maganar da nake so mu duba ita ce "sakin reshe kama ganye". Duk sanda magidanci ya ce zai rufe tiredarsa ya nemi aikin albashi, ita dattawa ke fara jefa masa. Ma'anarta a fili take: mutum yana kan bishiya, ya saki abin da ke ɗauke da nauyinsa, ya damƙi abin da zai tsinke a hannunsa. Amma a halin da ake ciki yanzu, wanne ne reshen? Na ji ana faɗa wa mai barin shago, na kuma ji ana faɗa wa mai barin aiki.

Alhaji Bala, Dambatta:
Wa alaikumus salam. Malam Sule, shago ne reshe, kuma lissafi zai nuna. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, Kano ta mai da nata 71,000, Jigawa ta tsaya a 70,000. Ba duka ke shiga aljihu ba, akwai kason fansho da kuɗin ƙungiya da ake cirewa tun daga sama. Sai kuɗin mota. A ce an tura mutum sakatariya ko wata makaranta mai nisa, zuwa da dawowa naira 1,000, kwana 22 a wata, 22,000 ta tafi bai ci abincin rana ba. Mai tiredar da ke samun ribar 2,500 kullum yana da 75,000 a wata, a ƙofar gidansa, yana kallon gonarsa. Aikin gwamnati ke nan ma. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa makarantun kuɗi na ƙauye da gidajen mai ke biyan abin da suka ga dama.

Hajiya Rabi, Ringim:
Alhaji, lissafinka daidai ne in har 2,500 ɗin riba ce. Yawancin masu ƙananan shaguna ciniki suke ƙirgawa su kira shi riba. Maigida ya ɗauki sabulu, uwargida ta aiko a ba da mai da magi, a cire kuɗin cefane daga akwati, ba a rubuta ko ɗaya ba. Ga kuma abin da ya faru tun cire tallafin mai a 2023: ka sayar da katon na taliya da riba, ka je sari kasuwar Singa ta Kano, kuɗin da ka tara ba zai sayo maka katon ɗin ba. A baki an ci riba, a kan kanta kaya na raguwa.

Gwajin ba wuya. Kada a ƙirga naira, a ƙirga kaya. Ranar ɗaya ga wata a rubuta katon nawa, buhu nawa, jarka nawa ke shagon. A rubuta bashin da dilan Singa ko Dawanau ke bi, a cire. Bashin da ake bin mutane a ɗauki rabinsa kawai, don ba duka ke dawowa ba. Duk abin da gida ya ci a rubuta shi da farashin sari. A maimaita wata uku a jere. In buhu goma ya koma takwas, takwas ya koma bakwai, to uwar kuɗi ake ci, shagon ya riga ya zama ganye tun kafin mai shi ya yi tunanin aiki. Irin wannan mutumin zalunci ne a tare shi da wannan karin magana.

Malam Iro, Kazaure:
Ni a ganina karin maganar ba ta zaɓi shago ko albashi ba, a kan lokacin saki take magana. Reshe shi ne abin da ke riƙe da kai yau. Aikin da ba a fara biyanka ba ganye ne, ko da na gwamnatin tarayya ne.

Mutane na ganin sunansu a jerin waɗanda aka kira intabiyu sai su fara karyar da kaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan intabiyu akwai ofa, wato takardar ɗaukar aiki, bayan ofa akwai zuwa a kama aiki a buɗe fayil, sannan tantancewa, sannan a sa sunanka a bocar albashi. Tsakanin kama aiki da albashin farko ana iya ɗaukar watanni, kuma ko za a biya ariyas daga baya, yara ba za su jira shi ba. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne takardu: suna ko ranar haihuwa a NIN ya saɓa da na BVN ko na takardar makaranta, Muhammad nan, Mamman can. A gyara wannan tun kafin a nema. A tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, sakamakon WAEC ko NECO, mai digiri ko HND kuma da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai neman koyarwa ya yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

A kuma karanta ofar da kyau. Ta dindindin ce mai fansho ko ta wucin gadi? Shirin J-Teach na Jigawa, alal misali, da alawus aka fara ɗaukar malamai, ba a matsayin cikakkun ma'aikata ba. Ko ta dindindin ce, akwai shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatar da mutum. Matakin albashin da ake shiga da shi kuwa, mai difloma 06, mai NCE 07, mai digiri 08. Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da ofa, wannan ko ganyen ma babu, kuma a nan ne jarin shaguna da yawa ya ƙare.

Ɗanlami, Wudil:
Allah ya ƙara sani, Baba Iro. To me zai hana mutum ya riƙe duka biyun? Ya je aiki da safe, ya buɗe shago da yamma. Ko a nan ne ake cewa taura biyu ba ta taunuwa?

Malam Iro, Kazaure:
Ɗanlami, a aikin gwamnati doka ma ta faɗa. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ware. Na san da yawa suna yi ba a tanka musu, amma ranar da wani ya kai ƙara, dokar tana nan. Ka riƙe gonarka, tsayawa a kanta kuwa ka bar wa wani. A kamfanonin Sharaɗa da Challawa kuma aikin karɓa-karɓa ne, wanda ya kwana a bakin inji ba zai iya zuwa sari ranar Juma'a a kasuwarku ba.

Malam Nuhu, Birnin Kudu:
Damƙa wa wani ɗin ne wurin da zumunci ke lalacewa, don haka a yi shi bisa ƙa'ida. Abin da fiƙihu ke kira ƙiradi shi ne kai da jari, shi da aiki, riba a raba da kaso sananne, rabi ko sulusi. Ba a cewa "ka riƙa ba ni 20,000 duk wata", wannan ya ɓata shi. In aka yi asara ba da sakacin mai aiki ba, a kan jari take faɗawa, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. A Malikiyya da tsabar kuɗi ake ƙulla shi, ba da kaya ba, saboda haka mai shago cike da kaya ya tambayi malami yadda zai tsara, ko ya ɗauki yaron a kan lada sananne. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta, a sa shaidu biyu, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Alhaji Bala, Dambatta:
Allah gafarta Malam, haka ne. Na kuma karɓi gyaran Hajiya a kan ƙirga kaya, sai dai ban janye ba: shagon da ke raguwa gyara yake so, a daina ba da bashi, a yanka wa gida kuɗin cefane. Amma in an ƙudura barinsa, kada a yi shela. Ranar da gari ya ji za ka rufe, masu bashi sun daina biya. A fara tsayar da sabon bashi, a bi tsoho da kaka lokacin da manomi ke da gero da riɗi a hannu, a karɓi hatsi ma in babu kuɗi, tiya 40 buhu ne. Kayan da ke lalacewa, fulawa, madara, lemo, su ake fara fitarwa. Firiji da sikeli da kanta su ne na ƙarshe, don da su ake dawowa in aikin bai yi ba. Kuɗin hayar da ya rage kuma a yi magana da mai rumfa tun da wuri.

Hajiya Rabi, Ringim:
Alhaji ka manta adashi. Mai shago yana zubi kullum ko duk ranar kasuwa, mai albashi sai ƙarshen wata, farkon ma ba tabbas. Wanda ya riga ya kwasa ya ware kuɗin sauran zubinsa daga jarin kafin ya taɓa komai. Wanda bai kwasa ba ya nemi uwar adashi ta matso masa da kwasarsa kusa, ko a samo wanda zai gaji hannunsa. Mata masu awara da ƙuli-ƙuli da ake ɗauka aikin asibiti ko makaranta su ma haka, su bar kaskon da masu sayensu a hannun 'ya ko ƙanwa har sai alat na biyu ya shigo waya.