Mitar kyamara ta ƙona min rawunan Hawan Daushe

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake. Fim ɗin Provia 100F guda biyu na ɗauka a Hawan Daushe, hoto 72, na aika waje aka wanko, wata uku ina jira. Jiya na ɗaga su a bakin taga, duk inda rawani yake fari fat, babbar riga ko aska takwas ɗinta ba a gani. Dawakai kuwa sun fito tsaf. Mitar auna haske ta cikin kyamara ba ta da amfani a fim ɗin silaid irin wannan, wanda ake ganin hoton kai tsaye a jikinsa, na faɗa na ƙara. Na bi shawarar 'yan koyo, suka ce in bi allurar mitar kawai.

Ɗan Zazzau: Su wane ne 'yan koyon, Yaya? Ni na ba ka shawarar nan, kuma shekarata tara ina ɗaukar biki.

Baban Ilham: Da dijital, ƙanina. Kana dannawa kana leƙa bayan kyamara.

Maman Sultan: Wato duk mai dijital ɗan koyo ne? Haba Malam. Da shi fa muke ciyar da iyali.

Baba Na-Fagge: Ku saurara, yarana. Mita ba ta san doki ba, ba ta san rawani ba. Duk abin da ta gani so take ta mai da shi ruwan toka, mai dawo da kashi 18 na haske. Baƙaƙen dawakai da inuwar ƙofa suka cika maka ido, sai ta ce ka buɗe haske ya ƙara shiga, rawani ya ƙone. Fim ɗin nagatif, wanda ake buga hoto daga jikinsa, yana yafe ƙarin haske har mataki biyu (mataki ɗaya ninkin haske ne), silaid kuwa ko rabin mataki sai ya nuna. A silaid fari ake karewa, inuwa a bar ta ta yi duhunta. Fim mai ISO 100 (ƙarfin jin haskensa ke nan) a tsakar rana, buɗin idon kyamara f/16 da sauri 1/125 na daƙiƙa, ko babu mita.

Ɗan Zazzau: Baba, Allah ya ƙara girma, amma sai ya janye kalmar nan tukuna.

Ɗan Damagaram: f/16 ɗinku na Kano ne, Baba. A kan farin rairayi nan wajenmu sai an ƙara tsuke ido zuwa f/22.

Maman Sultan: Ga shi nan, rana ma ta zama ta gari-gari. Da hazon hunturu fa, wa zai tsaya a f/16?

Mai Nikon: Wace kyamara ce ma?

Baban Ilham: Olympus OM-1.

Mai Nikon: Shi ke nan! Mitarta da batirin makuri mai ƙarfin volt 1.35 aka yi ta, yanzu kuma mai 1.5 kuke cusa mata. Da Nikon FM2 ce da ba a yi haka ba.

Baba Na-Fagge: Batir mai 1.5 duhu yake sa hoto, ba ƙonewa ba.

Mai Nikon: Ko ma dai mene ne, Nikon ba ta kunyata ni ba.

Ɗan Damagaram: Ka taɓa saka mata silaid?

Mai Nikon: Wani abokina ya saka, ya fito zam-zam.

Ɗan Zazzau: Mutumin da ya ƙona hoto 72 shi ne yake kiran wani ɗan koyo.

Baban Ilham: Ban ce duka ba. Wajen goma da na ɗauka a inuwa sun yi kyau. Ka iya bakinka, na girme ka.

Maman Sultan: Girma daban, iya aiki daban, Malam.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda mitar cikin kyamara ba abin dogaro ba ce a wajen hawa. Magani shi ne mitar hannu mai farin ƙoƙo, irin Sekonic L-308 da nake riƙewa. Ka tsaya cikin hasken da ke kan mahayin, ka juya ƙoƙon ya kalli kyamara, ba ruwanta da fari ko baƙi. In hoton mai muhimmanci ne, ɗauki uku, ka rage rabin mataki a ɗaya, ka ƙara a ɗaya. Na rufe maganar 'yan koyo.

Baba Na-Fagge: Ni ban ce a jefar da mitar kyamara ba, shugaba. Na ce a san abin da take aunawa.

Ɗan Zazzau: Kuma har yanzu bai janye ba.