Muhawara: a fara da taimakon manomi ko da rage hayaƙi?

Malam Isa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina ƙasashe masu tasowa sun yi daidai da suka dage cewa in za a yi batun noma a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a fara da yadda manomi zai jure wa fari da ambaliya. Batun rage hayaƙi ya biyo baya. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa na hayaƙin fetur da gas da kwal. Wanda bai ci nanin ba, nanin ba ta cin sa, amma a nan ta ci.

Abba: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Noma ma yana ɗumama duniya. Shanu na fitar da iskar mithen in suna tuƙa, gonar shinkafa da ruwa ke kwanciya ita ma haka, ga takin zamani, ga sare daji don faɗaɗa gona. In an haɗa noma da dazuzzuka, ya haura kashi ɗaya cikin biyar na iskar da ke ɗumama duniya. Kuma "masu tasowa" ɗin nan har da Brazil da Indiya da Sin. Kamfanin da ke kiwon dubban shanu don kasuwar duniya ya ɓuya a bayan mai kadada ɗaya?

Hajiya Binta: Ku biyun kuna faɗa ne a kan abin da teburin tattaunawar taron ma bai gama yankewa ba. Sai a 2017, a Bon ta Jamus, ƙarƙashin shugabancin Fiji, aka samu matsaya ta farko mai nauyi kan noma, wato shirin Koronivia. Me aka yi da shi? Bita. An zauna kan lafiyar ƙasa, kan ruwa, kan taki, kan kiwo, aka rubuta rahotanni. Da aka je Sharm el-Sheikh a 2022 sai aka buɗe wani aikin haɗin gwiwar na shekara huɗu. Babu asusu nasa na kansa. A Dubai a 2023 ƙasashe fiye da 130 suka sa hannu kan sanarwar noma da abinci, wadda ba ta ɗaure kowa ba.

Malam Isa: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata. Tun 2009 a Kopenhagen ƙasashe masu arziki suka yi wa masu tasowa alƙawarin kuɗin da zai kai dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. An ce sai a 2022 aka cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. A ba ka rance ka gyara ɓarnar da wani ya yi maka, sannan a ce ka rage dabbobinka?

Abba: Wa ya ce a rage dabbobin talaka, Malam? Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi da kanta ta ce kada matakan da za a ɗauka su yi barazana ga samar da abinci. Kuma akwai dabarun da ke yin aiki biyu. In ana barin gonar shinkafa ta ɗan bushe kafin a sake ba ta ruwa, an rage ruwan da gonar ke sha, an rage mithen. Inganta abincin dabba ma haka. Me ya sa za mu guji kalmar "rage hayaƙi" kawai?

Hajiya Binta: Saboda kalma a takardar yarjejeniya ba wasa ba ce, ɗana. Abin da wakilai ke tsoro shi ne, yau shawara ce, gobe ta zama sharaɗin bashi ko sharaɗin sayen amfanin gonarka. Sai dai Malam, kai ma ka yarda Abba ya taɓa gaskiya a batun manyan masu fitar da nama.

Malam Isa: Na yarda da rabi. A raba babban kamfani da ƙaramin manomi, ba ni da ja. Amma ku duba taron Baku a 2024: an amince da dala biliyan 300 a shekara ga ƙasashe masu tasowa zuwa 2035, kuma ba a ware wani adadi takamaimai na jure wa sauyin yanayi a ciki ba. Wakiliyar Indiya ta miƙe ta yi tir da shi nan take.

Abba: To wa zai ja layin tsakanin babba da ƙarami, Malam? Kadada nawa? Shanu nawa?

Malam Isa: Wannan kam ka kama ni. Hajiya, ke me kika gani?