Tambaya: da gaske bidiyo zai iya zama hanyar kutse a waya?

Mai_Turi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata turi ce, ina tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a waya da memori. Kwanan nan wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai akwai bidiyon da in ka buɗe shi an kwashe maka komai, har kwastomomi sun fara tambayata ko kayana na da tsabta. Ni a sanina bidiyo hoto ne da murya, ba manhaja ba ce. To ta ina zai yi ɓarna? Manhajar kallon bidiyo ta VLC nake amfani da ita a kwamfutar shago, fina-finan kuma yawanci daga Telegram nake sauke su. Wallahi ba na so in zama sanadin cutar wani.

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumussalam. Irin waɗannan saƙonnin murya yawanci ƙanzon kurege ne, amma abin da ka tambaya ya sha faruwa. Fayil ɗin MP4 yana ɗauke da bayanan da ke gaya wa manhaja girman kowane sashe nasa. Mai kutse sai ya rubuta ƙarya a wurin. Manhajar da ba ta bincika ba sai ta ware ɗan wuri a ƙwaƙwalwar waya, abin da ya shigo ya fi wurin yawa, ya malala inda bai kamata ba. Cikin abin da ya malala ɗin ne yake ɓoye umarninsa. Ka ga raunin yana jikin manhajar da ke karanta bidiyon.

A 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bankaɗo irin wannan a Android, wanda aka fi sani da Stagefright. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Abin tsoron shi ne lambarka kaɗai ake buƙata: a turo bidiyon ta MMS, wato saƙon waya mai ɗauke da hoto ko bidiyo, wayar ta fara sarrafa shi tun kafin ka taɓa. Bayan nan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro duk wata. A Nuwamban 2019 ma Facebook ya sanar da makamancinsa a WhatsApp, shi ma ta MP4, aka toshe.

Hajiya_Kwamfuta:
Malam, VLC ɗin taka wace fitowa ce? A Yunin 2019 fitowa ta 3.0.7 ta toshe raunuka 33 a lokaci guda. Kuma a 2017 kamfanin Check Point ya nuna ko fayil ɗin rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan fim ana iya kutse da shi a VLC da Kodi, wata manhajar kallon fim. Ka sabunta ta yau.

Ni dai abin da na fi ji maka tsoro daban ne. Haɗa bidiyon kutse aiki ne na ƙwararru masu kuɗi. Ƙananan 'yan damfara manhaja suke sa wa sunan fim. Ka sa Windows ta riƙa nuna maka ƙarshen sunan fayil. Duk “fim” ɗin da ya ƙare da exe ko apk, goge shi.

Mai_Turi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To kwastomomina masu tsofaffin wayoyi da sabuntawa ta daina zuwa musu fa?

Injiniya_Zariya:
Nan ne matsalar take, ɗan uwa. Raunin da ke jikin Android ɗin kansa sai kamfanin wayar ya turo gyara. Abin da ke hannunsu shi ne su sabunta WhatsApp da manhajar kallo daga Play Store, su kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp da MMS, su rabu da GBWhatsApp, wato jabun WhatsApp. Wanda yake da asusun banki a irin wannan wayar kuwa, ka gaya masa gaskiya, kada ya buɗe bidiyon lambar da bai sani ba.